TO ƊIN LADABI

Shafi na 17

Masu bi na har cikin akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta min, hannu biyu gare ni kamar kowa. Ke kuma da kika rantse in Lauya ba ta samu gurbin nan ba kin daina karantawa, 'yar'uwa, nemi wuri ki zauna tukuna.

*

"Sake dubawa dai, Malam."

Mai kafen intanet ya ɗago ya kalli Lauya ta saman gilashinsa. Fankar shagon sai kaɗawa take a banza, zafin injin buga takardu ya cika ɗakin, ga yara jere a kan benci kowa da katin jarrabawarsa a hannu ana jiran layi.

"Ƙanwata, ko kwana za mu yi muna dubawa, abin da ke ciki shi zan gani. Babu sunanki."

"Amma ai sunan Gajera ya fito."

"Ya fito."

"Na fi ta maki fa. Ba kaɗan ba."

"Na sani. Ni na buga muku sakamakon, ke da ƙawar taki."

Lauya ta dafa bakin tebur. Tun tana 'yar mitsitsiya aka laƙaba mata sunan nan, don ba a taɓa ja da ita an ci ba, ko a gida ko a aji. Sunan ya bi ta har ya zama buri. Wannan ne karo na uku da ta zauna jarrabawar shiga jami'a, kuma Baba ya faɗa tun kafin ta shiga ɗakin jarrabawar cewa shi ne na ƙarshe, ƙannenta na tafe a baya. Allah ya taimake ta bana ta ci makin da har malamanta suka riƙa kiran juna a waya. Ta zaɓi jami'ar bakin ruwa, wadda sai an wuni a mota kafin a kai, saboda nan ne karatun lauya yake da suna. Su kuwa ƙa'idarsu ɗaya, ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba.

Mai kafe ya gangara ƙasan shafin, sai ya tsaya cak.

"Af! Yo ke da ba kya ma cikin masu neman can, ta ina sunanki zai fito?"

"Kamar yaya?"

"Kin manta kin canja?"

"Na canja me?"

"Makaranta mana. Ga shi nan, jami'ar nan ta bayan gari. Zaɓin farko. Tarihi."

Ta leƙa fuskar kwamfutar har hancinta na neman taɓa gilashin. Hotonta ne, sunanta ne, makinta ne, amma ƙasa da su makarantar da ko a mafarki ba ta taɓa nema ba.

"Wallahi tallahi ni ban canja komai ba."

Mai kafe ya cire gilashin ya ajiye. Ya dube ta da kyau, ya ga ba wasa take ba, sai jikinsa ya yi sanyi.

"Kawunki ne ya zo. Wannan dogon mai babbar murya, direban nan na jami'ar bayan gari. Watan jiya, ana gab da rufe canji. Ya zo da wayar da ake turo lambar sirri a kanta."

"Wayar Mama."

"Ita. Na tambaye shi, na ce ina yarinyar? Ya ce kina gida, kin amince. Na ce ya tabbata? Ya ce ke da bakinki kika ce masa to, a gaban mahaifiyarki."

Lauya ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, sai ta fasa, don ba ƙarya ba ne.

Ranar ta dawo mata tar. Sakamako bai daɗe da fitowa ba Kawu ya zo, ya hakimce a babbar kujerar falo, ya miƙe ƙafa. Motar wani shugaban sashe yake ja a jami'ar bayan gari, amma in yana magana sai ka rantse shi ya aza tubalin ginin. Ya yi ta zuba. Me 'ya mace za ta je nema uwa duniya, ga jami'a a bayan gida? Shi yana da mutane. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Lauya ta jera amsoshinta a ka tsaf, har ta ja numfashi za ta fara, sai ta ji diddigen Mama a kan ɗan yatsan ƙafarta. Ta haɗiye duka. Ta sunkuyar da kai.

"To, Kawu."

Jama'a, ku da kuke karantawa kun sani, to ba ɗaya ba ne. Akwai to na yarda, wanda ake faɗa da sakin fuska. Akwai to na mamaki, wanda ake ja. Akwai kuma to ɗin da kake ce wa babba don ya kai aya ya sa takalminsa ya tafi, in ya fita kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Duk yaron da aka haifa a gidan mutunci ya iya shi tun kafin ya iya wanke fuskarsa. Shi Lauya ta yi. Kawu kuwa, da yake kunnensa abin da yake so kawai yake ji, sai ya ɗauke shi ya sa a aljihu.

"To tarihin fa?" Ta tambayi mai kafe. "Daga ina tarihi ya shigo?"

Mai kafe ya sosa ƙeya.

"Bana ba sa ɗaukar 'yan lauya a can, an dakatar da sashen. Na nuna masa, na ce babu shi a cikin jerin. Ya ce in sa wanda ya fi kusa. Na karanto masa su, da na zo kan tarihi ya ce yauwa, shi ma ai karatun surutu ne, in kin shiga zai sa a juya miki daga ciki."

"A juya min zuwa sashen da aka rufe?"

Ya mayar da gilashinsa ya juya ga kwamfutar.

"Mayar min da shi yadda yake."

"An rufe canji, ƙanwata."

"Ka roƙe su."

"Wa zan roƙa? Na'ura ce."

Wani yaro a kan benci ya ce, "Anti, don Allah in kin gama..." Mai kafe ya daka masa harara ya yi shiru. Lauya ta ɗauki katinta ta fita. Har ta sha kwanar layinsu ba ta san ta bar takalminta ƙafa ɗaya a ƙofar shagon ba, sai da ƙasa ta ƙona mata tafin ƙafa.

*

Mama na ɗakin ɗinki, ta jawo keken har bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Kayan makarantar yaran unguwa ne tsibi a gefenta, ƙyallaye a ƙasa, almakashi a cinya. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yauwa, kin dawo. Zo zura min zaren nan, tun ɗazu yake min wasa da hankali."

Lauya ba ta motsa daga inda take tsaye ba.

"Mama, sunaye sun fito."

Hannun Mama ya tsaya a kan keken.

"Masha Allah. An dace?"

"Gajera ta samu."

"Ke fa?"

"Ni ai ban nema ba. An cire ni daga layin tun watan jiya. Mama, kin ba Kawu wayarki?"

"Waya kuma? Yaya ai kullum cikin ara yake, tasa ba ta riƙe caji."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Ke, ni kike yi wa tambayar kotu? Ni sa'arki ce?"

"Kin ba shi ko ba ki ba shi ba?"

Mama ta ɗauki wata riga ta juya ta, ta sake juya ta, ta ajiye.

"Na ba shi. Ba ke kika ce masa to ba?"

"Ke kika taka min ƙafa!"

"Don kar ki yi wa yayana rashin kunya. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ki tsaya kina jera masa hujja kamar wani abokin wasanki?"

"Shi ya sa na yi shiru. Kin fi kowa sanin irin to ɗin da na yi, Mama. Ke kika koya min shi. Da shi kike rabuwa da masu kawo ɗinki ranar da za su saka. In Kawu bai gane ba, ke kin gane."

A tsakar gida famfo na ɗiga cikin bokiti.

"Kin san abin da aka sa min? Tarihi. Ni ban raina tarihi ba, akwai masu sonsa, Allah ya ba su. Amma ni shekara uku ina haddace littattafai, ƙawayena har sun kusa gamawa ina nan ina zura zare. Na ci makin, Mama. Na ci! Ba faɗuwa na yi ba balle in ce haka Allah ya so. A cikin gidan nan aka kayar da ni."

"Tarihi?" Mama ta ɗago a karo na farko. "Ba lauyan ba?"

"Babu lauya a can bana."

"Innalillahi. Ni na zaci jami'a duk jami'a ce. Ya ce min komai akwai."

"Ya ce miki? Yaushe kuka yi maganar?"

Mama ta kama bakinta, amma magana ta riga ta fita. Lauya ta matso a hankali ta durƙusa a gaban keken. Ba a banza ake kiranta da sunan nan ba.

"Ranar da ya zo, ba hanya ce ta biyo da shi ba. Ko?"

Mama ta kau da kai.

"Ke kika kira shi."

"Ni na kira shi."

Da Mama mari ta kai mata, da ya fi mata sauƙi. Duk hanyar da ta taho Kawu take tsine wa a zuci, ta tanadi kukan da za ta yi a cinyar Mama, su haɗu su ji haushinsa tare. Ashe cinyar ma babu.

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa? Ke ce fa kike tashina karatu. Ke kika ce in na zama lauya ke za ki ɗinka min baƙar rigar da hannunki."

Mama ta laluba cinyarta ta ɗauke almakashin ta ajiye a ƙasa. Ta kamo fuskar Lauya da hannu biyu ta jawo ta kusa, kusa sosai.

"Sai a nan nake ganin fuskarki. Daga inda kike tsaye ɗazu, da murya na gane ki."

"Mama..."

"Na hagun ya tafi tun bara, hayaƙi kawai. Na daman ma gefe-gefensa ya fara rufewa. Na je asibiti ban faɗa wa kowa ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura. Babanku bai sani ba. Kada ki kuskura ya ji, abin da ke kansa ya ishe shi."

Nan take abubuwa suka riƙa faɗo wa Lauya ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin da ake dawowa da shi wai ya karkace, Mama da layinta ya fi na ruwula miƙewa. Gishirin da ta zuba a shayi aka yi ta dariya. Yadda take kiran ƙannenta da sunan juna. Shekara guda tana zura wa uwarta zare tana mita, ko sau ɗaya ba ta tambayi dalili ba. Ita da take taƙamar ba a ɓoye mata komai.

"Da na ji kin ci, na yi murna wallahi," in ji Mama, hawaye na bin kumatunta. "Sai na kwanta na ce, in ta tafi wa zai zura min zare? Wa zai karanta min awon mutane? Wa zai ja ni in abin ya ƙarasa? Ƙannenki maza ne, ba su san komai ba sai ƙwallo. Tsoro ne ya kama ni. Cewa na yi ya lallashe ki. Da ya zo neman wayar na san abin da zai yi, ban hana ba. Na ce ai karatun ɗaya ne, kina kusa ina jin motsinki."

"Da kin faɗa min."

"Da kin fasa tafiyar da kanki, in zama ni na hana ki."

"Yanzu fa? Wa ya hana ni?"

Mama ta saki fuskar Lauya ta rufe tata da hannu.

Lauya ta zauna daɓas a cikin ƙyallaye. Haushi ne fal cikinta, amma ta rasa inda za ta sauke shi. Ta ji tausayin Mama kamar ranta zai fita, ta kuma ji ba ta son ko kallonta, duka a lokaci ɗaya. Wannan shi ne baƙin cikin da ya fi kowane ciwo, wanda ya cuce ka ya fi ka abin tausayi. Ta miƙa hannu ta ɗauki zaren, ta lasa bakinsa, ta zura a allurar.

*

A haka Baba ya same su da ya dawo cin abincin rana. Gyaran firji yake yi a bakin kasuwa, hannunsa duk baƙin mai, ƙaramin sukundireba na leƙowa daga aljihun rigarsa. Ya tsaya a ƙofa ya dubi wannan ya dubi waccan.

"Wa ya mutu?"

Mama ta damƙi hannun Lauya ta ƙarƙashin keken ta matse.

Lauya ta ba shi labari. Ta faɗi sunayen da suka fito, ta faɗi canjin, ta faɗi tarihin. Ta tsallake wanda ya kira Kawu, ta tsallake ido. Baba ya saurara yana goge hannu da tsumma har ta gama. Mutum ne da ba ya son kwana-kwana, a wurinsa wayar lantarki in ba ja ba ce to baƙa ce.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ce masa to, ko ba ki ce ba?"

"Baba, ba irin wannan..."

"Kin ce ko ba ki ce ba?"

"Na ce."

"Shi ke nan. Magana zarar bunu ce. Ke da kike son zama lauya, ba ki san baki shi ke yanka wuya ba? Kin amsa wa babba, ya tashi ya yi miki wahala, yanzu ki ce da wasa kike?"

"Ladabi na yi masa, Baba."

"Ladabin da za ki ce e alhali a'a kike nufi? Ni da kin zo kin same ni ranar, da na san yadda zan yi da shi. Kika yi shiru. Ke da ba a rufe bakinki a gidan nan, ranar da ya kamata ki yi magana ranar kika zama bebiya."

Hujjar da za ta wanke ta tana nan a kan harshenta. Kalma kaɗan ce, Baba zai juya ya daina kallonta da laifi. Mama ta ƙara matse mata hannu. Lauya ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini, ta bar shari'ar ta tafi a haka.

"Kin dai san abin da na faɗa tun farko," in ji Baba, muryarsa ta sauko. Ya zauna a kan kujerar roba, ya kalli ƙasa. Shi ma abin ya dake shi, don duk layin masu gyara ba wanda bai gaya wa 'yarsa za ta tafi jami'ar bakin ruwa ba. "Ba mugunta ba ce. Ƙarfina ne ya kai nan."

Ba wanda ya tashi ɗauko abinci.

Sai 'yar ƙaramar wayar Lauya mai tocila ta ɗauki ƙara. Mai kafe ne. Ta ɗauka da ƙyar.

"Ƙanwata! Kina ina? Tun da kika fita hankalina bai kwanta ba, na yi ta bincike. Saurara da kyau. Hukumar jarrabawa ta sake buɗe canji yau, na ɗan lokaci, saboda jerin sunaye na biyu. Jami'ar bakin ruwa na da sauran gurbi a lauya. Da makin nan naki, in muka mayar da ke, ni dai ban ga abin da zai hana ba."

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Malam, don girman Allah kar ka yi min wasa."

"Ina ni ina wasa? Amma sharaɗi ɗaya ne. In jami'ar bayan gari ta ba ki gurbi, kada ki danna karɓa. Kada kowa ya danna. Wanda ya karɓa an kulle shi, ba canji, ba komawa, bana dai ta wuce shi. Ki taho da wayar Mama yanzu-yanzu, lambar can za ta shigo."

"Ga ni nan! Ga ni nan zuwa!"

Muryarsa ta fito sarai, duk sun ji. Baba har ya miƙe yana laluben makullin babur a aljihu, fuskarsa ta washe kamar ba shi ne ya gama faɗa ba.

"Ɗauko mayafinki, ni zan kai ki. Kawun naki ni zan ji da shi daga baya. Ke, ba ta wayar."

Mama ba ta motsa ba.

"Mama, wayar!"

"Ba ta nan."

"Tana ina? Caji kika kai?"

"Yaya ya biyo da safe, bayan fitarki. Ya ce an ce masa sunayensu na fitowa yau, yana so ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Lauya ta riga ta fara danna lambar Kawu, yatsunta na kuskure tana gogewa. Ta shiga. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta kira layin Mama, shi ma haka. Ta sake kiran Kawu.

"Ɗauka mana, ɗauka, don Allah ɗauka..."

"Bar kiran, mu je ofishin nasu," in ji Baba. "Hau mu tafi."

Ta fizgi mayafi a kan igiya, ta zura silifas ɗin Mama. Baba ya tura babur ya nufi ƙofar gida. Hannunsa na kan sakata ke nan aka buga ƙofar daga waje, bugu na mai jin daɗi, har da kiɗa.

"Salamu alaikum! Ina mutanen gidan? Ku fito ku ji abin arziki!"

Kawu ya shigo da faɗin fuska, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, wayar Mama a hannu yana kaɗa ta sama. Bai lura da babur ba, bai lura da idanun da suka kumbura ba.

"Ina Lauyar? Yauwa, ga ta. Ba na gaya muku ina da mutane ba? An ba ta! Sunanta na sama-sama, shugaban sashen da kansa ya ce bai taɓa ganin mai irin makin nan ta nemi wurinsu ba. Ina ta jin kira a aljihu, na ce a'a, wannan albishir ba na waya ba ne, sai na zo da ƙafata."

Lauya ta taka zuwa gabansa.

"Kawu. Akwai wani wuri da aka rubuta karɓa."

"Akwai, kore shar."

"Ba ka taɓa shi ba dai."

Kawu ya tuntsire da dariya, ya dubi Baba.

"Ji yarinya! Yo me zan jira, wani ya ɗauke mana? A ofishin maigidana aka buɗe min, lamba ta shigo, na karanta musu. Har sau biyu na sa aka danna, don kar sabis ya ci amanarmu."

Makullin babur ya suɓuce daga hannun Baba ya faɗi a siminti. Daga ɗakin ɗinki aka ji Mama ta saki wani irin sauti, ba kuka ba, ba salati ba.

Dariyar Kawu ta fara raguwa. Ya dubi Baba, ya dubi ƙofar ɗakin ƙanwarsa, ya dawo kan Lauya.

"Wai lafiya? Na bar aikina, na yi ta safa da marwa cikin ranar nan saboda 'yarku, ba mai ce min ko sannu?"

Lauya ta juya ta kalli Baba. Shi kaɗai ya rage mata. Yanzu ya ce shi zai ji da Kawu, yanzun nan, ko minti biyar ba a yi ba. Ta zuba masa ido tana roƙonsa ba da baki ba.

Baba ya sunkuya ya ɗauki makullinsa. Ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Aikin gama ya gama," ya ce a hankali. "Durƙusa ki yi wa kawunki godiya."

Kawu ya gyara tsayuwa ya harɗe hannu a baya. Mama ta fito tana dafa bango. Su ukun duka suka tsaya suna jiran bakinta.